Filin Mata: In An Sallame Ki Daga Aiki Ba Bisa Ƙa'ida Ba

A wannan mako za mu yi magana a kan wani abu da ke damun mata masu aikin albashi, watau sallama daga aiki ba bisa ƙa'ida ba. Kada uwargida ta ce wannan bai shafe ta ba don tana cikin gida. In ba ke ba ce, to 'yarki ce, ko ƙanwarki. Ku kuma 'yan makaranta, gobe ku ne a ofis da kanti da masaƙa, saboda haka ku kasa kunne.

Abin da aka fi yi wa mata shi ne, da an ga ciki ya fito sai a shiga neman dalili. Yau a ce ta makara, gobe a ce aiki ya ragu, jibi a miƙa mata takarda. Ita kuwa don kunya sai ta tattara kayanta ta koma gida, ta ce ta bar wa Allah. Lalle haƙuri abu ne mai kyau, amma rashin sani ya fi dare duhu.

Ga abin da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanada a sashe na 54. Mace mai aiki a kamfani ko kanti tana da hutun mako 6 kafin haihuwa, in ta kawo takardar likita, da mako 6 bayan haihuwa. In ta kai wata 6 tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta cikin hutun nan. Ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin hutun ba. Bayan ta koma kuma, tana da rabin awa sau biyu a yini don shayar da jariri.

Ko ba maganar ciki, ba a korar mutum haka kwatsam sai da babban laifi. Wadda ta wuce wata 3 a aiki, a sanar da ita da mako 1. Daga shekara 2, mako 2. Daga shekara 5 kuwa, wata guda. In ba a yi haka ba, sai a biya ta kuɗin kwanakin. Manyan ma'aikata kuma, abin da ke rubuce cikin takardar ɗaukarsu shi ake bi.

To, ina ake kai ƙara? Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, aka ƙara mata ƙarfi da gyaran tsarin mulki na 2010. Tana zama a Kano da Kaduna da sauran manyan garuruwa. A da, mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci ko da dalili ko babu. Yanzu kotun nan takan nemi a faɗi dalili, ta kuma auna shi.

Ga misali. A 2021 aka kori wata 'yar sanda a Jihar Ekiti don ta yi ciki ba ta da aure, bisa ƙa'ida ta 127 ta 'yan sanda. Ba wanda zai yabi ciki ba aure, amma ba wannan alƙali ya duba ba. Abin da ya duba shi ne, ƙa'idar tana kama mace, namiji kuwa ba ta taɓa shi, alhali sashe na 42 na tsarin mulki ya hana irin wannan bambanci. A Janairu 2023 kotun da ke Akure ta soke ƙa'idar, ta ce a biya matar diyyar naira miliyan 5. In wannan ta sami adalci, ina ga matar aure da aka kora don ta haihu?

Sai dai fa alƙali ba ya aiki da hawaye, da takarda yake aiki. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da kika kama aiki ki nemi takardar sharuɗɗan aikinki, gama doka ta ce a ba ki ita cikin wata 3. Ki adana ta tare da takardun albashi da na likita, kamar yadda kike adana sarƙarki. In an ce ki rubuta cewa ke kika ajiye aiki da kanki, kada ki sa hannu, domin da wannan za a kayar da ke. Ki ce a rubuta miki dalilin sallamar.

Sa'an nan kada ki yi jinkiri. Ki shawarci maigida ko iyaye, ki je wurin ƙungiyar ma'aikatanku, ko ofishin ƙwadago na jiharku. In ba kuɗin lauya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA mai taimakon mata. Ki sani kuma, ba kullum kotu ke mayar da mutum bakin aikinsa ba, galibi kuɗi takan sa a biya.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku da yayyenku wannan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.