Sunayen Tabaran Ganin Dare Da Abin Da Suke Nufi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni filin da ka saba ba ni kowane mako, domin in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai bayani a kan tabaran nan da soja ke gani da su cikin dare. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa akawu ne ke rubuta takardar sayen kaya, in kuwa ya rubuta sunan da bai fahimta ba, ya yi cinikin biri a sama da kuɗin jama'a, kuma mai gadin da aka ba abin shi zai sha wahala.

Da fari mu san yadda abin ke aiki. A cikin tabaran akwai wani bututu. Ɗan hasken wata ko na taurari shi ke shiga, ya faɗa kan wani faifai wanda ke juya shi ya zama ƙwayoyin lantarki, a riɓanya su, sa'an nan su bugi wani faifan ya yi haske kore ko fari, mutum ya ga sura. Wannan bututu shi ne takobi, sauran duk kube ne.

To, sunaye irin su AN/PVS-14 daga sojan Amurka suka fito, bisa wani tsari da suka kafa a shekarar 1943. AN alama ce ta sojan ƙasa da na ruwa. Haruffa uku da ke biye kowanne da maganarsa. Na fari yana faɗin inda ake ɗora abin: P, mutum ke ɗauke da shi, A, na jirgin sama ne. Na biyu yana faɗin irinsa: V, da hasken da ido ke gani yake aiki, A, da zafin jiki ko hasken da ido ba ya gani. Na uku yana faɗin amfaninsa: S, watau nema da gano abu. Saboda haka AN/AVS-6 na matuƙan jirgin sama ne, AN/PAS-13 kuwa zafin jiki yake gani, har a cikin duhun da babu ko tauraro, amma ba ya gani ta cikin gilashin taga.

Lambar da ke ƙarshe fa ta jeri ce kawai, kamar lambar fayil a ofis. Kada wani ya zaci 14 ta ninka 7 kyau. PVS-7 yana da wurin leƙawa na ido biyu, amma bututunsa ɗaya ne; PVS-14 na ido ɗaya ne; PVS-31 bututu biyu gare shi, kowane ido da nasa.

Sai maganar zubi, wanda ake rubutawa Gen. A shekarar 1945 Jamus na da wani mai suna Vampir, Amurka ma ta yi aiki da nata a tsibirin Okinawa. Waɗannan sai an haska musu fitilar da ido ba ya gani, wadda abokin gaba mai irin tabaran zai hango ta sarai. Zubi na 1 ya fito a shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, yana riɓanya haske wajen sau 1,000, amma yana bukatar farin wata. Zubi na 2 na shekarun 1970 an sa masa wani faifai mai miliyoyin ƙananan ramuka, ya kai wajen sau 20,000. Zubi na 3 na shekarun 1980 ya kai sau 30,000 zuwa 50,000, bututunsa kuma yakan yi aiki wajen sa'a 10,000. Wanda ya ce maka nasa zubi na 4 ne, ka sani sojan Amurka ba su tabbatar da wannan suna ba, yawanci maganar 'yan kasuwa ce.

Ga inda gizo ke saƙa. An ce suna linzami ne, amma sunan PVS-14 na kube ne. Kamfanoni da yawa suna ƙera wannan kube, wani ya sa bututun zubi na 3, wani na zubi na 2, wani ma ya sa kyamara mai araha da fitila, ya liƙa sunan. Don haka mai saye ya nemi takardar gwajin bututun, wadda lambarta ta yi daidai da lambar da ke jikinsa. Ya duba abu biyu. Na ɗaya, kaifin gani, wanda ake rubutawa lp/mm, watau layuka nawa, bibbiyu, ake iya rarrabewa cikin milimita ɗaya; 64 zuwa 72 mai kyau ne. Na biyu, SNR, watau yadda sura ta rinjayi yayyafin ɗige-ɗigen da ke dame ta in duhu ya yi yawa. In ka buga na ɗaya sau na biyu, ka sami abin da suke kira FOM. Misali, 64 sau 25 ya ba da 1,600. Lissafi ne wanda ɗan elementare ma zai iya.

Sauran abin lura kaɗan ne. PVS-14 ba ya kusanto da abu, girmansa 1x ne, yadda ido ke gani. Faɗin ganinsa digiri 40 ne kurum, alhali idanun mutum biyu sun fi digiri 180, shi ya sa mai sanye da shi ba ya daina waiwaye. Batir ɗaya ƙarami, AA, ya ishe shi. Kuma dokar Amurka ta hana fitar da na zubi na 3 daga ƙasar sai da izinin gwamnati, saboda haka wanda ya kawo maka shi a ɓoye da araha, ko dai jabu ne, ko kuwa zai jawo maka shari'a.

Ya ku 'yan'uwana, matambayi ba ya ɓata. Kafin ku sa hannu a takarda, ku tambayi zubi, ku nemi takardar gwaji, ku yi lissafin da kanku. Allah ya kiyashe mu da hasara, amin.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu