Mayar da Mota Gas: Kulawa Ita Ce Magana

Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, hankalin masu motoci a Gyadi-Gyadi da Tarauni, kamar sauran Kano, ya karkata ga gas. To, amma ɗaura tukunya somin taɓi ne. Idan mota tana fizga, galibi filta ce ta toshe ko fulogi ya gaji. Warin gas kuwa alamar yoyo ce, sai a rufe bawul nan take. Tukunyar gas ɗin girki ba ta jure matsin CNG. Fashewar jabun tukunya a birnin Benin cikin Oktoban 2024 ta isa ishara. Saboda haka wajibi ne hukuma ta horad da makanikai, ta riƙa binciken tukwane. Rigakafi ya fi magani.