Malesiya: ƙasar da sarakuna tara ke karɓa-karɓar gadon sarauta

Ranar 31 ga watan Janairu na shekarar 2024, a birnin Kwala Lumfur, Sarkin jahar Johor, Sultan Ibrahim, ya yi rantsuwar kama aiki a matsayin babban sarkin ƙasar Malesiya. Sarautarsa ita ce ta 17 tun daga samun ƴancin kai. Wanda ya gada, Sultan Abdullahi na jahar Fahang, bai rasu ba, ba a kuma tuɓe shi ba. Wa'adinsa na shekara 5 ne ya cika, ya sauka ya koma jaharsa. Wannan tsari ya cancanci a yi nazarinsa, domin a shekarun baya-bayan nan rawanin ya yi nauyin da ba a saba gani ba.

Yadda aka gina tarayyar

Ƙasar ta karɓi mulkin kanta daga Turawan Ingila ranar 31 ga watan Agusta na 1957, da sunan Tarayyar Malaya. A 1963 aka haɗa ta da Sabah da Sarawak da Singafur, ta zama Malesiya. Singafur ta fita a 1965. Tarayyar ta ƙumshi jahohi 13. Tara daga ciki suna da sarakunan gado; sauran huɗun, wato Finang, Malaka, Sabah da Sarawak, gwamnoni ne ake naɗa musu.

Tun da babu sarkin da zai yarda ya zauna ƙarƙashin ɗan'uwansa har abada, sai aka daidaita a kan karɓa-karɓa. Sarakunan nan tara suna zama su zaɓi ɗaya daga cikinsu bisa wani jeri da aka sani, a ba shi laƙabin Yang di-Pertuan Agong, wato sarki mafi girma.

Kundin tsarin mulki ya raba aiki tsakanin tarayya da jahohi. Tsaro, hulɗa da ƙasashen waje, kuɗi da ilimi suna hannun tarayya. Filaye, dazuzzuka da al'amuran addinin Musulunci suna hannun jahohi, kuma kowane sarki shi ne shugaban addini a jaharsa. Majalisar dokokin tarayya zaure biyu ce: ta wakilai mai kujera 222 da jama'a ke zaɓa, da ta dattawa mai kujera 70. Faraminista, wanda ke tafiyar da gwamnati, daga majalisar wakilai yake fitowa.

Iyakar ikon sarki

A doka, babban sarki yana aiki ne da shawarar gwamnati. Amma an bar masa wasu ƙofofi na ganin damarsa. Shi ke naɗa faraminista, wato ɗan majalisar da yake ganin zai samu goyon bayan mafi rinjaye. Yana kuma da ikon ƙin rusa majalisa idan aka nemi haka.

Shekaru da dama waɗannan ƙofofi ba su da wani tasiri, domin ƙawancen jam'iyyu guda ne ke cin zaɓe tun daga 1957 har zuwa 2018. Sarki ba ya da wani zaɓi, sai dai ya naɗa shugaban masu rinjaye. A zamanin faraminista Mahatir Muhammad ma sai da aka rage ikon sarakuna. A 1993 aka cire musu rigar kariya, aka kafa kotu ta musamman mai shari'arsu. A 1994 aka tsaida cewa duk ƙudurin da majalisa ta amince da shi zai zama doka bayan kwana 30, ko da sarki bai sa hannu ba.

Lokacin da rinjaye ya ɓace

Al'amura sun sake bayan zaɓen 2018, wanda a cikinsa tsohon ƙawancen ya faɗi a karo na farko. Gwamnatin da ta biyo baya ta wargaje a watan Fabrairu na 2020, Mahatir ya yi murabus. Sultan Abdullahi ya kira ƴan majalisa ɗaya bayan ɗaya yana jin wanda kowa ke goyon baya, sa'an nan ya naɗa Muhyiddin Yasin. A watan Oktoba na wannan shekara, bayan ya shawarci sauran sarakuna, ya ƙi amincewa da dokar ta-ɓaci da gwamnatin ta nema, ko da yake ya amince da ita a Janairun 2021 saboda annobar korona. A Agustan 2021 ya naɗa Isma'il Sabri. A zaɓen Nuwamban 2022 babu ƙawancen da ya kai kujera 112 da ake buƙata, sai ya yi kira da a kafa gwamnatin haɗin kai, ya naɗa Anwar Ibrahim ranar 24 ga watan. Sarki guda ya rantsar da faraminista uku cikin ƙasa da shekara uku.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan. Masu yabo suna cewa sarauta ta riƙe ƙasa lokacin da ƴan siyasa suka kasa, ba tare da soja ya fito daga bariki ba. Masu suka kuwa suna cewa mutumin da talaka bai zaɓa ba bai kamata ya zama mai raba gardama a kan wanda zai yi mulki ba, kuma ƙidayar goyon baya a zauren majalisa ya kamata a yi ta, a bainar jama'a, ba a cikin fada ba.

Kowane ɓangare yana da hujja. Sai dai abin lura shi ne ba a ƙara wa sarki ko harafi ɗaya a kundin tsarin mulki ba. Rarrabuwar jam'iyyu ce ta buɗe ƙofar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƴan majalisa sun gane haka, shi ya sa a 2022 suka yi dokar da ke raba ɗan majalisa da kujerarsa idan ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a ƙarƙashinta. Anwar Ibrahim kuma ya kai kansa gaban majalisa a Disamban 2022, ya nemi ƙuri'ar amincewa, ya samu.

Wa'adin Sultan Ibrahim zai cika a farkon 2029, kuma kafin nan wajibi ne a yi babban zaɓe. Idan akwatin zaɓe ya fitar da rinjaye bayyananne, sarki zai koma ga aikinsa na uban ƙasa. Idan kuwa ƙuri'u suka sake rarrabuwa, to idanu za su sake komawa ƙofar fada.