Littafin da Kalanda Ke Rubutawa

A Amurka da Ingila, da zarar watan Oktoba ya kama, kasuwar littattafai takan cika da gajerun labaran soyayya da aka gina a kan bikin Kirsimeti. Daga cikinsu akwai reshen da ya bunƙasa a 'yan shekarun nan, wato labarin soyayya tsakanin namiji da namiji. Mai karatu ya san matsayin addini da al'adarmu game da wannan, ya kuma san dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Tambayata a yau ta manazarcin adabi ce: ta yaya littafin da manyan kamfanonin ɗab'i suka daɗe suna kau da kai daga gare shi ya samu kasuwa, har da lokacinsa na shekara?

Amsar farko tana cikin sauyin hanyar wallafa. A 2007 kamfanin Amazon ya buɗe wa marubuta ƙofar sakin littafi kai tsaye a intanet, ba tare da amincewar wani edita ba. Wanda ya sa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99 yana iya karɓar kashi 70 cikin ɗari na kuɗin. A 2014 aka ƙaro tsarin Kindle Unlimited, inda mai karatu ke biyan kuɗin wata, daga baya kuma aka koma biyan marubuci gwargwadon shafukan da aka karanta. Sauƙin wallafa a intanet ya yi wa gajeren littafi daɗi, mai kalma 20,000 zuwa 40,000, wanda ake cinyewa a zama ɗaya ko biyu.

Amsa ta biyu ita ce lissafin lokaci. Marubucin yakan zauna cikin zafin Yuni ko Yuli yana siffanta dusar ƙanƙara. Ya miƙa wa mai tacewa, ya biya mai zanen bango, ya buɗe wa masu saye damar yin odar littafin tun bai fito ba, sannan ya sake shi kafin Disamba. In ya makara, to, ya yi shuka bayan damina, domin Janairu na kamawa kasuwar ta watse.

Me ya sa sai Kirsimeti? Domin lokacin komawa gida ne. Jigon irin waɗannan labarai yakan ta'allaƙa ga mutumin da ke fargabar yadda iyaye da dangi za su karɓe shi, kuma ƙa'idar littafin soyayya a can ita ce a ƙare da farin ciki. Abin da ake sayarwa ke nan, tabbacin cewa za a zauna cin abinci ba a kori kowa ba. Bayan Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar a Yunin 2015, manyan kamfanoni suka bi sawun kasuwar da ƙananan marubuta suka riga suka share. A 2020 tashar Hallmark ta nuna fim ɗin The Christmas House, Netflix kuma ta fitar da Single All the Way a 2021.

Wannan tafarki ba baƙo ba ne a wurinmu ta fuskar sana'a. A shekarun 1980 da 1990, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ba su tsaya jiran kamfanin NNPC na Zariya ba. Da kansu suka buga, suka kai kasuwa, masu karatu suka biyo su. Bambancin shi ne na can sun mayar da kalanda jari, mu kuwa ba mu yi ba. 'Yan fim ɗinmu sun san darajar Sallah, suna tanadar mata sabbin finafinai. Amma yawancin marubutanmu na WhatsApp da Wattpad, azumi na ƙaratowa sai su ajiye alƙalami, su ce sai bayan Sallah.

Alhali ina lokacin da ya kai wannan tara labari? Ɗa ya dawo daga ci-rani hannu rabbana, an haɗu da dangin da aka yi shekaru ana gaba da su, budurwa na jiran kayan toshi da ba su iso ba. Wayar da ke hannun 'ya'yanmu ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma tana kawo musu labaran bukukuwan wasu a kan kari. Marubucin da yake son a karanta nasa ranar Sallah, tun watan Rajab ya kamata ya gama rubutu.