ZAUREN UWARGIDA: Yaronki Mai Tara Gwangwanaye

A wannan wata za mu duba wani abu ne da yake jawo wa yara maza duka a gidaje da yawa, wato tara tarkacen ƙarfe.

Duk uwar da ke zaune a Ƙauyen Alu, Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi ta san zancen. Unguwanni ne da ba a rasa garejin kanikawa da rumfar mai walda. Yaro zai dawo aljihu cike da noti, waya da sarƙar keke, ya sami gwangwanin madara ya fasa, ya yanko taya daga tsohon silifas, sai ga motar langa-langa. Wani ma doki ko raƙumi zai lanƙwasa da waya. Mu kuwa abin da muke gani kawai shi ne an cika mana tsakar gida da shara, sai mu ɗauko bulala.

Uwargida, ki dakata tukuna. Hannun da ya haɗa wannan mota ba tare da kowa ya koya masa ba, baiwa ce Allah Ya ba shi. Dubi kurfoti da akwatin ƙarfe da tukunyar da ke madafinki, da yawansu daga tsohon ƙarfe maƙeranmu na Kano suka fitar da su, kuma da wannan sana'a suke riƙe iyali. A kudancin ƙasar nan akwai Dotun Popoola, wanda ya yi karatu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Shi da tarkacen mota da na babur da na janareta yake ƙera dawakai da sauran dabbobi, har ana baje kolinsu a ƙasashen waje. Abin da wani ya zubar a bola, shi ne arzikin wani.

Sai dai mu Musulmi akwai iyakar da addini ya gindaya mana. Malamanmu na Malikiyya sun haramta ƙera cikakken mutum-mutumin abu mai rai, mutum ne ko dabba. Amma sun keɓe abin wasan yara, saboda abin da aka ruwaito cewa Nana A'isha (R.A) tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, Manzon Allah (S.A.W) ya gani bai hana ta ba. Don haka ƙaramin yaron da ya yi dokin waya don wasa bai cancanci duka ba. In ya fara girma kuwa, sai a karkatar da shi zuwa mota, jirgi, fitila, fure ko ƙofa, waɗanda babu saɓani a kansu. Inda ya shige miki duhu, ki sa maigida ya tambayi malami.

Inda ya kamata hankalinki ya tashi shi ne wurin da yaron yake samo kayan. Tsohon ƙarfe da ya sha ƙasa, in ya yanki yaro, yana iya kawo cutar sarƙe-haƙora. A wanke ciwon da ruwa da sabulu a tafi asibiti a ranar, kar a tsaya shafa toka ko man birki. Tsohon batirin mota kuwa akwai gubar dalma a cikinsa, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kada ya shigo gidanki ko da wasa. Haka nan a 2025 wani abu ya fashe cikin lodin tsofaffin ƙarafa a Hotoro, aka yi asarar rayuka. Ki ja wa yaro kunne, duk ƙarfen da bai san ko mene ne ba, kada ya ɗauka, balle ya bubbuga.

Sannan ga babbar fitina, kuɗi. Ranar da yaro ya gane 'yan gwangwan suna auna ƙarfe su biya, to a sa ido. Daga tsinto sai a koma ɗauko, yau murfin tukunyarki, gobe kan famfon maƙwabta. Da yawa daga nan suka bar boko da Islamiyya suka bi yawon jari-bola.

Shawarata ita ce, ki ware masa kwali guda a lungu ya riƙa adana kayansa. Ke za ki riƙa ba shi gwangwanayen gida bayan kin wanke. Ki tambaye shi inda ya samo duk abin da ya shigo da shi. Idan ya nuna miki abin da ya ƙera, ki yaba masa, ki sa masa albarka. In ya kai shekarun koyon sana'a, ku zauna da mahaifinsa ku nema masa amintaccen mai walda ko kanike, ya riƙa zuwa lokacin hutu, ko a nema masa gurbi a makarantar koyon sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sanya albarka a hannayensu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.