Wasiƙa ga masu gugar mota: maganar gilez

'Yan'uwa, iyayen gida da yaran shago, masu wanki da masu folish da masu fenti. 

Wata baƙar Camry ce ta sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya na gan ta a ƙofar masallaci bayan an idar da Azahar. Rana ta take, ta sauka a kan bonat, sai ga zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo, ga wasu layuka masu walƙiya da ke bin ido duk inda mutum ya karkata. Mai motar na tsaye yana girgiza kai. Ya ce kwana 12 ke nan da ya biya kuɗin folish, ranar da ya karɓe ta har gemunsa yana gani a jikin ƙofa, kuma wanki 3 kacal aka yi mata tun daga nan. Ban tambaye shi wa ya yi aikin ba. Na san abin da aka yi, don hannuna ma ya taɓa yi: an bi ta da inji da soson ulu a gurguje, sannan aka lulluɓe ɓarnar da gilez.

Ga yaran da suka shigo sana'ar kwanan nan, bari in bambance muku, don na ji wasu komai folish suke kiransa. Kwamfawun da folish suna da yashi mai laushi a cikinsu, suna cin fenti ne su rage tsayinsa har ya zo daidai da gindin karcen, shi ke nan karce ya tafi. Gilez ba ya cin komai, ko in ce abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Mai ne da wani gari mai laushi irin na farar ƙasa. Karce yana bayyana ne saboda gefensa yana tarwatsa haske. In man ya cika ramin, haske ya daina watsewa, ido ya daina gani, amma ramin yana nan inda yake. Ranar da Omo ko ruwan sama ko zafin rana ya kwashe man, motar za ta koma gidan jiya.

To kada wani ya ɗauka zagin gilez na zo yi. Akwai kwalbarsa a akwatina yanzu haka, kuma akwai motar da ba ta da wani magani da ya fi shi.

Ku ɗauki takardar fotokwafi guda ku murza a yatsa. Kaurinta wajen maikiron 100 ne, wato kashi 1 cikin 10 na milimita. Fentin da kamfani ke yi wa mota gaba ɗaya, da shimfiɗar ƙasa da launi da kiliya, yawanci tsakanin maikiron 100 zuwa 180 yake. Ita kiliyar, wannan fatar ta sama mai sheƙi da muke gugawa, ba ta cika wuce 40 zuwa 50 ba, da ƙyar take kai rabin takardar nan. A cikinta maganin zafin rana yake, kuma duk abin da inji ya ci ba ya tsirowa. Motocin da ke zuwa mana daga Kwatano, wa ya san sau nawa aka goge su a Turai ko Amurka, sau nawa a tashar jiragen ruwa, sau nawa a wurin dillali kafin su iso hannunmu? Wannan farin ɓawon da kuke gani yana salewa a rufin motoci da bonat kamar borin jini, kiliya ce ta mutu. Rana ce ke kashe ta, amma injinmu ne sau da yawa ke riƙe wa ranar ƙafa.

Ni da tsada na koyi wannan. Ina saurayi, maigidana ya tafi ɗaurin aure ya bar ni da wata shuɗiyar Honda mai karce guda a kan fenda. Na ƙudurta sai na ɓatar da shi kafin ya dawo. Na sa samfefa, na sa kwamfawun, na danna inji a kan ƙashin fendar inda fenti ya fi siranta. Ban ankara ba sai na ga soso ya yi shuɗi. Garin neman gira na rasa ido. Sai da aka sake feshin fendar duka, launin kuma bai taɓa haɗuwa da na ƙofa ba. Maigidan bai daka mini tsawa ba, farcensa kawai ya ja a kan wani karcen na kusa, ya ce in ji. Farce ya maƙale. Ya ce duk karcen da ya kama farce ya fi ƙarfin inji, a sassauta bakinsa kaɗan, a cike da gilez, a gaya wa mai mota gaskiya.

Inda gilez ke da gurbi ke nan: fentin da ya sirance, motar da za a yi ɗaukar amarya da ita gobe ba lokacin aikin kwana biyu, da mai motar da aljihunsa ba zai ɗauki cikakken gyara ba. Sai kuma tsofaffin motoci, irin su Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Da yawansu fentinsu fata ɗaya ne ba kiliya, shi ya sa tsumma ke ɗaukar launi in an goga. Irin wannan fenti in ya bushe ya yi fari-fari, shan mai yake kamar busasshiyar fata ta samu man kaɗanya. Meguiar's mai lamba 7 an daɗe da saninsa da wannan aiki. A shafa, a bar shi ya jiƙa, a goge, a ƙara. Launin da aka ɗebe wa tsammani sai ka ga ya farfaɗo.

Shafawar ba ta da wuya, ɓata ta ne ke da sauƙi. A yi a inuwa, jikin mota da sanyi, ba a filin tasha da ƙarfe 2 na rana ba. A wanke tas tukuna, a shafa tafin hannu a ji ba tsakuwa, don gilez a kan datti kitso ne da ƙwarƙwata. Ɗigo uku ko huɗu a soso mai laushi sun ishi rabin ƙofa. Masu lafta shi kamar man shanu a tuwo asara kawai suke, su kuma bar dabbare-dabbare. A goge da tsumma mai laushi kafin ya bushe ya ƙanƙame, ba tsohuwar singileti ba. Sannan a rufe shi da wakis, don shi kansa ba ya kare fenti daga komai, wakis ɗin ne ke ƙara masa kwana. Na kanuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Barazil, yana zama a kansa lafiya lau.

Abu biyu ku kiyaye. Wannan shafen seramik da ake yayi yanzu ba ya kama jikin da ke da mai, duk wanda ya ɗora shi a kan gilez ya ƙona kuɗin mutane. Ku kuma 'yan'uwa masu fenti, kun fi ni sanin idon kifi, ƙananan ramukan nan da ke fitowa a sabon feshi. Silikon ke jawo su. In a gareji ɗaya kuke da masu guga, a duba kwalba a tabbatar babu shi a ciki. Sabon fenti kuma yana son wata 1 zuwa 3 kafin a toshe shi da wakis, a wannan tsakanin gilez marar silikon, irin na hannu da 3M ke yi, shi ne abin da ya dace da shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wasu kwamfawun da folish ɗin ma suna ɗauke da mai mai yawa, har mai aikin kansa ya ruɗu ya ɗauka ya gyara. Kafin ku ce aiki ya kammala, ku samu IPA, sifirit ɗin nan da masu gyaran waya ke wanke injin waya da shi, ku surka kashi 1 da ruwa kashi 4, ku goge wuri kamar faɗin tafin hannu biyu. Ba tina ba, ba fetur ba, kuma ba a kan sabon feshi ba. Sai ku haska fitilar waya a karkace, ko ku tura motar rana. Abin da kuka gani shi ne aikinku. Da yawanmu ba sa son wannan gwaji, kuma na san dalili.

Dillali zai zo ya ce, “Oga, a fito da ita kawai, gobe mai saye zai zo.” Ba ku kuka sayar ba, gaskiya ne, kuma wanke haja da gyara ta ba laifi ba ne. Amma malamai sun sha faɗa mana hukuncin ɓoye aibin haja, kuma mai sayen in ya gano, ba dillalin kaɗai zai riƙe ba, zai tambayi inda aka yi folish. Ni dai abin da na tsayar a shagona shi ne farashi biyu, suna biyu. In ce wa mutum, “Alhaji, akwai kwalliya, akwai gyara. Kwalliya za ta kai ka 'yan makonni, kuɗinta kaza. Gyara zai ci wuni biyu, kuɗinsa kaza, kuma wannan karcen na ƙofa ko an yi ba zai fita ba.” Wasu su tafi inda za a yi musu alkawarin madubi a awa ɗaya. Mafi yawa su zauna a benci su ce a yi wanda ya dace.

In kun miƙa makulli, ku ƙara da maganar wanki, musamman da hunturu ya kawo kai. Ƙurar nan da yara ke sharewa da busasshen tsumma kowace safiya ita ce uwar zanen gizo-gizo. A fara kwarara ruwa, a yi bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, a bar Omo wa kayan sawa. Mai Camry ɗin nan haka na gaya masa a ƙofar masallaci, ya ce zai kawo ta ranar Asabar mu goge man mu ga abin da ya rage na kiliyar.

Wassalam, naku a sana'a.