Siririyar Kwamfuta Da Ƙurar Dareta

Wani koke ya yawaita a bakin ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwarmu a 'yan shekarun nan, har na ga ya cancanci a tattauna shi a wannan shafi. Mutum zai yi watanni yana zubin adashi, wani ma har da sayar da dabba, ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka irin siririyar nan mai sheƙi wadda ake cewa ta manya ce, amma kafin damina biyu ta zagayo sai ta fara ciwo. Yau harafi guda ya ƙi dannuwa, gobe wani ya riƙa fitowa sau biyu, jibi fuskarta ta dushe ko batir ya kumbura. Idan aka kai wa mai gyara a Gusau ko a titin Beirut da ke Kano, sai ya juya ta, ya girgiza kai, ya ce wannan sai dai a sauya rabinta. Alhali kuwa tsohuwar nan mai kauri da nauyi, wadda aka raina aka bar wa yara, tana nan tana aiki.

Na zaɓi in auna wannan magana da Dareta, ƙauyen nan na ƙaramar hukumar Anka a yammacin Jihar Zamfara, domin ba a sanin ingancin kaya a shagon Abuja mai na'urar sanyaya ɗaki, sai an kai shi ƙarshen hanya. Mai karatu ba zai manta ba cewa a 2010 ne duniya ta ji sunan Dareta, tare da 'Yargalma da Abare da Sunke da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankarar da hukumomi, a shekarar ce aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen Dareta, Bagega kuwa sai a 2013, kuma sai a 2022 ƙungiyar ta miƙa aikin jinyar ga gwamnatin jiha. Ba ina haɗa ran ɗan Adam da lalacewar na'ura ba ne, Allah Ya sawwaƙe. Abin da nake nufi shi ne, aiki irin wannan rabinsa magani ne, rabinsa rubutu: sunan yaro, ranar da aka ɗebi jininsa, adadin gubar da aka samu, ranar da zai dawo. A zamanin yau a kwamfuta ake adana irin wannan, haka ma sakamakon jarrabawar ɗalibai da takardun albashi da kundin binciken ɗan jami'ar Gusau. Saboda haka na'urar da za ta mutu ba sallama a irin wannan wuri, asararta ta wuce kuɗin da aka saye ta.

Asalin lamarin ba ɓoyayye ba ne. A watan Janairun 2008 marigayi Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na Amurka, ya zaro kwamfutar MacBook Air daga cikin ambulan ɗin takarda a gaban taro. Daga ranar sauran kamfanoni suka shiga tsere, kamfanin Intel ma ya fito da nasa ma'aunin mai suna Ultrabook a 2011, sirantaka ta zama ita ce alamar tsada da wayewa. To amma duk milimita guda da aka rage, wani abu ne aka sadaukar. Batir ɗin da a da ake zarewa da yatsa biyu aka koma manna shi da gam. Ƙwaƙwalwar aiki da rumbun ajiya, waɗanda a da ake cirewa da sukundireba, aka like su a jikin babban allon injin. Aka matse hanyar iska, aka rage kafofin da ake jona kaya, aka sa ƙusoshin da mai gyara na kasuwa ba shi da mabuɗinsu.

Babban misali shi ne madannan rubutun da Apple ya fito da su a 2015, waɗanda ya laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi saboda siffar ƙarƙashinsu, kuma ya saka su a MacBook Pro daga 2016. An sirantar da su har ta kai ƙwayar ƙura ko ɗan burbushin abinci na iya hana harafi aiki. Shawarar da kamfanin ya wallafa wa masu saye ita ce su karkata kwamfutar zuwa digiri 75 su fesa mata iskar gwangwani. Idan hakan bai yi ba, ba a sauya harafi ɗaya kawai, sai a cire dukkan saman injin har da batir, aikin da ke kaiwa kimanin dala 700 ga wanda garantinsa ya ƙare. Sai a watan Yunin 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, a Maris ɗin 2019 ya ba da haƙuri yana mai cewa 'yan kaɗan ne abin ya shafa, a 2020 ya watsar da tsarin gaba ɗaya ya koma wa na da. A 2022 kuma ya amince zai biya dala miliyan 50 don a kashe ƙarar da masu saye suka shigar, ba tare da ya amsa laifi ba. A zubin 2016 ɗin nan ne kuma aka gano cewa siririyar wayar da ke kai wuta ga fuskar kwamfutar tana tsinkewa saboda buɗewa da rufewa, har sai da aka ƙara mata tsawon milimita 2 a zubin 2018.

Kada a ɗauka kamfani guda na sa a gaba. A 2017 masanan gyara na iFixit sun ba Surface Laptop ta kamfanin Microsoft sifili cikin goma, domin ba a iya buɗe ta sai an lalata ta. A shekarar ce kuma mujallar Consumer Reports ta janye shawarar da take bai wa jama'a ta sayen na'urorin Surface, bisa hasashenta cewa kashi 25 cikin ɗari za su ba da matsala kafin ƙarshen shekara ta biyu, ko da yake kamfanin ya musanta.

Yanzu mai karatu ya dubi wannan labari da idon mutumin Anka. Idan ƙurar ofis a Kalifoniya ta isa ta kashe harafi, ina ga hunturun Zamfara, lokacin da buji ke shiga har cikin tukunyar da aka rufe? Ina ga garin da injinan niƙan dutse ke aiki? Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera kwamfutocinsa su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura 40 a inuwa. Sannan ga wutar janareto mai hawa da sauka, ga caza ta jabu. Na'urar da aka ƙera domin ɗaki mai sanyi da tsayayyar wuta, ita ce muke goyawa a bayan babur.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun haƙƙi. Waccan dala miliyan 50 ta waɗanda suka saya a Amurka ce kawai. Wanda ya fi kowa samu ya karɓi dala 395. Shirin gyaran kyauta kuwa shekara 4 ne daga ranar da aka fara sayar da na'urar, kuma wa'adin dukkansu ya cika. To ina waɗancan kwamfutoci na 2016 zuwa 2019 suka nufa bayan masu su sun gaji da su? Wanda ya san kasuwar kayan hannu ta Ikeja da Farm Centre ya san amsar. A nan ake goge su, a sa su a leda, a ce ai 'yar Landan ce, ba ta sha wuya ba. Mun zama masu gadon ciwon da aka riga aka biya wasu diyyarsa. Kamfanin ba shi da shago nasa na kansa ko guda a nahiyar Afirka, sai dai dillalai a manyan birane. Mutumin Dareta da harafinsa ya maƙale sai ya fito Anka, ya nufi Gusau a kan hanyar da kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa ta, wataƙila daga can a ce sai Kano ko Legas. Idan aka lissafa dala 700 a canjin 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, ta zarce naira miliyan ɗaya, wato albashin wata 15 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kuɗin gyaran harafi ke nan.

Akwai kuma wata asara da ba a cika faɗa ba. A tsohuwar kwamfuta, ko injin ya ƙone, mai gyara zai zare rumbun ajiya ya jona a wata, mutum ya tsira da takardunsa. A wadda aka like wa rumbun, in babban allo ya mutu, sau da yawa da bayanan yake tafiya. Amsar masu ƙerawa ita ce kowa ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a intanet. Madalla. Sai dai a farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu ko kiran waya. Ko a ranakun lafiya ma, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun layi. Wanda ya tsara na'ura bisa zaton intanet ba ta yankewa, bai yi lissafi da mu ba.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba duk sirantaka ce sharri ba. Mara nauyi ta fi daɗin ɗauka ga ma'aikacin lafiya mai yawon ƙauyuka, kuma tun daga 2020 da Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar M1 ta ƙirar kansa, zafi ya ragu, batir na kai wuni, wanda ba ƙaramin alheri ba ne a inda wuta ke zuwa kamar baƙo. A 2021 kamfanin ya ƙara wa MacBook Pro kauri, ya dawo da kafofin da ya cire, Microsoft ma ya gyara tsarinsa har na'urorinsa na baya-bayan nan suka zama masu buɗuwa. Amma a lura, ba don kansu suka yi ba. Ƙorafi ne da kotu da doka. Faransa ta tilasta a riƙa manna makin sauƙin gyara a jikin kwamfutoci tun Janairun 2021, Jihar New York ta sa hannu a dokar 'yancin gyara a ƙarshen 2022, har wani ƙaramin kamfani mai suna Framework ya fito a 2021 da siririyar kwamfuta wadda ake kwance ta da sukundireba guda, abin da ya nuna cewa like komai da gam zaɓi ne, ba dole ba. Duk da haka har yanzu yawancin masu tsadar a like ƙwaƙwalwarsu take.

Mu a nan wa ke yi mana wannan faɗa? Muna da Hukumar FCCPC da dokarta ta 2018, wadda ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi, amma har gobe rasit ɗin shagunanmu na ɗauke da gargaɗin cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Ina ganin lokaci ya yi da hukumar za ta wajabta wa masu shigo da kwamfutocin hannu su bayyana shekarar ƙira da lafiyar batir a rubuce, su kuma ba da garanti na gaskiya, ba na fatar baki ba.

Babban laifin kuma yana ofisoshinmu. Sau nawa ake ware kuɗin sayen kayan aiki, sai mai gida ya zaɓi wadda za ta burge a teburin taro a Abuja, na ƙasa su ma su kwaikwaya? Da kuɗin guda ɗaya irin wannan za a sayi uku ko huɗu masu jure wahala, waɗanda yaron da ya koyi gyara a Gusau zai iya sauya wa batir da fanka da madannai a wuni guda. Ya kamata ma'aikatun lafiya da ilimi na Zamfara, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Anka da Gummi da Bukkuyum, su sa sharaɗi a takardar kwangila cewa batir da rumbun ajiya su zama masu ciruwa, kuma ɗan kwangila ya kawo kayan gyara tare da na'urorin. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ba ta hana hakan ba.

Saura batun gawar na'urar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Kwamfutar da ba ta gyaruwa da wuri take shiga wannan tuli, a wurinmu kuwa hannun 'yan jari-bola take faɗawa, su fasa, su ƙona wayoyi da alluna don ciro tagulla da ɗan zinaren da ke jiki. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki tun 2006, amma tsofaffin alluna da ake haɗawa a ƙona tare suna ɗauke da ita, kuma sau da yawa a bayan gidaje ake wannan aiki, inda yara ke wasa. Hukumar NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha ba sa bukatar wani ya yi musu bayanin abin da sarrafa ƙarfe a tsakar gida ke haifarwa, musamman yanzu da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamban 2024, bayan shekara biyar. Su keɓe wurin tara matattun na'urori a Gusau da Anka tun kafin ƙona su ya zama sana'ar ƙauye.